Kafin Ka Saya wa Gwaggonka Gado

Fagge, Kano.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka Rakiya, da fatan kun tashi lafiya. Allah ya sa canjin nan da aka yi maka zuwa tashar jirgin ƙasa ta Nguru ya zama alheri gare ka da mu baki ɗaya. Allah ya kai ku lafiya, ya tsare ku a hanya, ya haɗa ku da maƙwabta nagari.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga mutumin da tsakanin ɗakinsa da naka bai kai taku ashirin ba. To, ka san halinmu. Kai ne ɗan farina, ban saba zaunar da kai in yi ta zuba ba, in na fara ma sai harshena ya yi nauyi. Alƙalami kuwa ba ruwansa da kunya. Ka karanta ta yau ɗin nan, kada ka bari sai kun shiga jirgi ranar Asabar, don in ka bari aikin gama ya gama.

Shekaranjiya na ji ka a zaure kana ba abokanka labarin gadon da ka gano a Kantin Kwari. Gadon ƙarfe mai rumfa, mai sifirin, da kujerun kushin guda biyu, za a ɗora su a jirgi, don Gwaggonka Delu ta san cewa ba ta yi riƙon banza ba. Wallahi na ji daɗin niyyar. Ita ta goya ka tun daga yaye, kuma da ta ce ƙafarta ƙafarka har Nguru ban hana ba. Amma ka lura da yadda take tashi kwanan nan? Sai ta dafa bango, ta ɗan tsaya, sannan ta ɗaga ƙafa. Gwiwoyin sun fara ƙi. Abin da ya rage mata da take tinƙaho da shi a duniya shi ne tana tashi da kanta, ta yi alwala da kanta, ba ta kira kowa ba. In ka sayi kayan nan, kai da hannunka za ka ƙwace mata shi. Ba zato nake yi ba, na taɓa yi wa uwata haka.

Shekara bakwai ke nan, kana makarantar kwana, ba ka san wainar da aka toya a gidan nan ba, don na hana a gaya maka. A lokacin ne kamfanin gyaɗa ya ɗaga ni na zama babban malamin awo. Kaina ya kumbura, Abba. Na sayi keke, na sayi agogo, ina ta zare hannun riga don a gani. Abokan aiki suka fara zuwa gida gaida Inna, kakarka, Allah ya jiƙanta. Ka tuna gadonta na ƙasa? Wanda aka gina jikin bango, da rami a ƙarƙashinsa inda ake zuba garwashi in ɗari ya shigo, ɗumi ya ratsa ƙasar har zuwa ƙashin bayanta. Tun ina yaro nake ganinsa ban taɓa jin komai ba. Amma ranar da wani akawu ɗan gayu ya leƙa ɗakin ya ce, “Malam, ashe har yanzu akwai irin wannan a birni?” sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na jira har Inna ta tafi biki Minjibir, kwana biyar. Tana fita na kira masu diga suka rushe gadon, aka share, aka zuba siminti, aka goge shi sumul. Na je kantin wani Kwara, Balarabe ɗan kasuwa, na zaɓi gadon da ya fi kowane tsayi, don a ganina tsayin gado shi ne girman mai shi. Da aka ɗora katifa sai da ya kusa kai min ƙugu. Na haɗa da kabad mai madubi, na kwashe kayanta daga adudu na jera a ciki. Amalanke biyu suka kawo kayan, rabin unguwa na biye da su, ni kuma ina gaba ina tura keke kamar ango.

Inna ta dawo, ta tsaya a bakin ƙofa da ƙunshinta a hannu. Ta daɗe tana kallon inda gadonta yake a da. Ka san ni ma ɗan fari ne, har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma yi min magana kai tsaye sai ta hanyar wani. Delu ce tafintarmu, da yake ɗiyar wanta ce da ta riƙa tun ba a haife ni ba. Sai ta juya wajenta ta ce, “Ki ce da shi an gode. Allah ya yi albarka.”

Ni kuwa wawan, na karɓi wannan godiya na sa a aljihu na tafi ina baza ta a ofis.

Kullum da safe in na je gaishe ta daga bakin ƙofa, sai in tarar da ita a tabarma, an sako gidan sauro a kan gado, komai tsaf. In ce a raina, ka ga tsohuwa mai tattali. Haka muka yi wata biyu, cikin tsakiyar sanyi. Ran nan wata Juma'a da hantsi, Inna ta shiga maƙwabta barka, sai Delu ta kama hannun rigata. Ka san taubashiyata ce, ba ta raga min.

Ta ce, “Malamin awo, zo ka gaida baƙuwar da ka saya wa gado.”

Ta ɗaga gidan sauron. Kaza ce, Abba! Jar kazar Inna, kwance a tsakiyar katifa a kan ƙwai tara, ta zuba min ido kamar ni ne na shigo mata ba sallama.

Na ce, “Wannan wane irin sakarci ne? Ina Inna take kwana?”

Delu ta nuna min tabarma a ƙasa. Ta ce, “Nan, a kan simintinka. Sau ɗaya ta hau gadon, da turmi ta taka. Wajen saukowa ƙafarta ba ta iske ƙasa ba, ta zamo, ta bugu a ƙugu. Kwana uku ina gasa mata. Ta sa na yi alkawari ba zan gaya maka ba, wai kada ranka ya ɓaci bayan ka yi ɗawainiya. To, ni dai ban gaya maka ba, ga mai gaya maka nan a kwance.”

Dariya take yi, amma idonta ya kawo ruwa. A ranar na gane dalilin tarin da Inna ke yi, da kumburin gwiwarta da na ɗauka tsufa ne kawai. Na raba ta da ɗumin da ƙashinta ya saba da shi shekara talatin, na kwantar da ita a kan siminti mai sanyi, ina nan ina karɓar yabo a gari. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Saboda haka abu na farko da zan gaya maka, godiyar tsoho ba shaida ba ce. Mutanenmu ko ƙaya ka shimfiɗa musu, in dai ɗansu ne ya kawo, Allah ya yi albarka za su ce. Kada ka saurari baki kaɗai, ka dubi alama. Dubi inda tabarma ta lotsa, dubi inda bango ya yi baƙi saboda dafawa, dubi abin da ka saya ko yana tsufa ko yana nan sabo fil. In wata biyu suka wuce abu bai yi datti ba, ba a amfani da shi ne. Gado kuma, in tsoho ya zauna a bakinsa tafin ƙafarsa bai kwanta a ƙasa ba, wannan ba gadonsa ba ne, komai kyansa.

Da na tsaya a nan da da sauƙi. Ina! Sai na ce tunda tsayi ne ya yi ɓarna, bari in nemo abin da ya fi komai kusa da ƙasa, ya fi komai taushi. Ban tambayi Inna ba, ban tambayi Delu ba, na sake yanke hukunci ni kaɗai. Na sauke katifar ƙasa. Wani Bature zai koma gida aka yi gwanjon kayansa, na je na sayo kujerar kushin mai zurfi, irin wadda in ka zauna sai ta haɗiye ka, gwiwoyinka su fi ƙugunka tsayi. Ni da kaina na gwada ta a wajen gwanjon na ce madalla. Ban tuna cewa gwiwata ba gwiwar Inna ba ce.

Ta riƙa zama a kai in ta ji motsina, don in gani in ji daɗi. Ashe duk zaman da ta yi, sai Delu ko mahaifiyarka sun kama ta sun ciro ta. Wata ranar Lahadi bayan azahar na leƙa na gaishe ta tana cikin kujerar, na koma zaure ina karanta jarida. Delu ta tafi kasuwa, mahaifiyarka ta tafi gidan suna, duk suna ganin ai ina gida. Buƙatar fita bayan gida ta kama Inna. Ta yunƙura, kujera ta mayar da ita. Ta sake yunƙurawa, babu abin dafawa, hannuwan kujerar ma lotsewa suke yi. Ina nan taku goma daga inda take, murya ɗaya za ta ɗaga in zo, amma yaya za ta kira ɗan farinta ya ɗaga ta zuwa bayan gida? Aka kira la'asar, na wuce masallaci abina. Sai da Delu ta dawo ta same ta, zani ya jiƙe, la'asar ta wuce ta, ta rufe fuska da mayafi tana kuka ba sauti.

Rubuta wannan ya yi min wuya. Na ajiye alƙalami sau biyu. Amma gara ka ji shi daga wurina da ka gan shi a gidanka.

Daga ranar Inna ta canja. Ta rage shan ruwa don kada buƙata ta kama ta. Ta daina fitowa tsakar gida, ta ajiye kaɗin da take yi, matar da zarenta ya yi suna a wajen masaƙan unguwar nan. Magani babu irin wanda ban kawo ba, malamin asibiti ya ce shi bai ga wata cuta ba. Gaskiyarsa, ba jikin ne ya kwanta ba, zuciyar ce. A nan na koyi cewa tsoho yana tsoron faɗuwa, amma ya fi tsoron ranar da zai zama sai an ɗaga shi. Garin neman gira na kusa rasa ido.

To ka riƙe na biyu, taushi ba shi ne tausayi ba. Mu masu sauran ƙarfi idan za mu sayi kujera, daɗin zama muke dubawa. Tsoho kuwa tun kafin ya zauna lissafin tashi yake yi. Duk abin da zai nutse da shi, ko ya gangara da shi baya, ko ya motsa in ya dafa, abokin gaba ne. Katifa a ƙasa ma haka, kwanciya ba wuya, tashin ne aiki.

Mafita ta zo min daga inda ban zata ba. Akwai wani kafinta Ibo a Sabon Gari, bayan kasuwa, sunansa Obi, shi ke yi wa ofishinmu bencina. Tun yana saurayi yake Kano, Hausa a bakinsa kamar ɗan Fagge. Na je masa da sauran girman kaina, na ce, “Oga Obi, kujera nake so, wadda ta fi kowace kyau a shagon nan.”

Bai ko ajiye zartonsa ba. Ya ce, “Ta wa?”

Na ce, “Ta mahaifiyata.”

Ya ce, “Tsawonta fa? Wace ƙafa ce ke mata ciwo? In za ta tashi da wane hannu take dafawa?”

Ni da nake auna buhun gyaɗa ɗari a yini ban san ko ɗaya ba. Na ce, “Kai dai yi min mai kyau, ba ciniki zan yi da kai ba.”

Sai ya ajiye zarton ya ce, “Malam, tela yana ɗinka maka riga bai auna ka ba? Ni ba na yi wa tsoho kujera sai na auna ƙafarsa. Zo ka gani.”

Ya ja ni bayan shagon. Ga wata tsohuwa tukuf, uwarsa, zaune a wata kujera mara ado ko kaɗan tana ɓarar agushi. Tana ganin baƙo ta ajiye faranti, ta ɗora tafukanta a hannuwan kujerar, ta miƙe tsaye cak, ta gaishe ni da yarensu. Matar ta girmi Inna nesa ba kusa ba. Na tsaya ina kallon kujerar nan kamar ban taɓa ganin katako ba.

Na ce, “Na yarda. Amma ka san al'adarmu, ba yadda za a yi namiji baƙo ya shiga ya taɓa ƙafar uwata.”

Ya yi dariya ya ce, “Wa ya ce ni zan je? Matata za ta je. Ita ta auna tawa uwar ma, don ni in na zo da ma'auni kora ta take yi.”

Washegari da hantsi matarsa, Mama Ngozi, ta zo. Ba ta zo da ma'aunin kafinta ba, igiyar rama ce kawai a hannunta. Delu ta ba ni labarin yadda ta yi. Ta zaunar da Inna a kan turmi, ta auna daga diddige zuwa bayan gwiwa ta ƙulla, daga bayan gwiwa zuwa ƙugu ta ƙulla, daga mazauni zuwa gwiwar hannu ta ƙulla. Aikin da bai fi na ɗan lokaci ba, amma har aka kusa azahar matar nan ba ta fito ba. Ina zaure sai na jiyo abin da na yi wata uku ban ji ba, Inna tana dariya. Murya har da tashi, tana ba da labari, ana tafawa.

Da Mama Ngozi ta fito ta tsaya a gabana ta riƙe ƙugu. Ta ce, “Malam, Mama ta ce ita ba ta ƙi gadonka ba, gadon ne ya ƙi ta. Tana son wutarta a ƙarƙashinta kamar da. Tana son ta zauna tana kallon ƙofa, ta ga mai shiga da mai fita, kai kuma ka juya ta tana kallon bango. Kabad ɗinka hannunta ba ya kai wa saman, na ƙasan kuma sai ta durƙusa, a mayar mata da adudunta a ɗora a kan benci. Simintin nan in ruwa ya zuba santsi yake yi, tsoron takawa take. Butarta kuma a daina kai ta bayan ƙofa.”

Na ce, “Duk ita ta faɗi wannan? Me ya hana ta gaya mana?”

Ta ce, “Ka tambaye ta?”

Wata biyar ina kashe kuɗi ina rushe-rushe, abin da ake buƙata duka yana bakin Inna, jira kawai take a tambaya. Kuma ko na tambaya ba ni za ta gaya wa ba, ko Delu ma Inna ba ta gaya mata rabinsa ba don ta san zai dawo kunnena. Sai ga baƙuwa daga Sabon Gari, wadda ba kunya a tsakaninsu, ta kwashe shi tas a zama ɗaya. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Wannan shi ne na uku, kuma ya fi sauran. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka tambaya, in kuma ka san kai ba za a gaya maka ba, ka aika wanda za a gaya wa. Gwaggonka bakinta ya fi na Inna sakewa, amma a kanka ita ma uwa ce, ba za ta taɓa cewa abin da ka kawo bai yi ba. Rakiya kuwa suna shiri, na sha jin su suna ƙus-ƙus a madafa. Ka bar su su biyu, kai ka fita.

Na ce da Obi ya yi mata gadon katako da wurin sa kasko a ƙarƙashi. Ya ce a'a, wuta da katako ba sa kwana ɗaki ɗaya, wannan aikin magini ne, ba zai karɓi aikin da zai ƙone tsohuwa ba. Haka na kira magini, na sa aka fasa simintin da na zuba da kuɗina, aka sake gina gadon ƙasa daidai ƙullin farko na igiyar nan, aka yi daɓe mai ɗan kaushi. Maƙwabtan da suka raka amalanke su ne suka zo kallon wannan ma. Wani ya ce, “Malam, an koma gidan jiya ke nan?” Na ce an koma, kuma da ƙafar dama. Obi ya zo da kansa ya kafa wani turken katako a gefen gadon, daidai inda hannunta na dama zai kama.

Kujerar ta iso bayan kwana goma. Da na gan ta raina bai so ba, don ba ta da wani kyan gani. Maɗaci ne mai nauyi, ko ka jingina da ita ba ta gusawa. Mazauninta da tauri, sai 'yar shimfiɗa siririya. Bayanta a miƙe, ya ɗan kwanta kaɗan. Hannuwanta dogaye har bakin mazauni, masu faɗin tafin hannu, ya goge kaifinsu amma bai shafa musu mai ba. Na ce ya shafa ta yi ƙyalli, ya ce ƙyalli na masu kallo ne, mai dafawa santsi zai ja masa.

Aka ajiye ta tana kallon ƙofa. Na tsaya daga waje inda ba za ta gan ni ba. Inna ta daɗe tana harararta, don an sha ta, ta warke. Delu ta ce, “Inna, gwada mana, in ta cinye ki ina nan.” Inna ta zauna a hankali. Ƙafafunta biyu suka kwanta a ƙasa. Ta ɗora hannu, ta yunƙura, sai ga ta tsaye. Delu ta miƙa hannu, Inna ta ture shi. Ta koma ta zauna, ta sake tashi. Sau uku tana yi. A na ukun ta tsaya ta gyara ɗaurin zaninta, ta ce, “Delu, ina kuka kai min mazarina?”

Na koma zaure na zauna, hawaye na zuba, ban ko share ba. Shekara biyar ta ƙara a duniya bayan wannan, kuma ka gani da idonka lokutan hutu, ita ke tashi ta yi alwalarta, ita ke korar kaji, ita ke yi wa kowa faɗa daga kan kujerar nan. Sai a makonta na ƙarshe ne aka ɗaga ta.

Yanzu ga abin da nake so ka yi, in ka ga dama, don kai ma yanzu magidanci ne. Gobe ka sa Rakiya ta samo igiya ta auna Gwaggonka yadda na kwatanta maka, a zaune, ba takalmi. Ku kai wa Obi, yana nan inda yake, furfura ce kawai ta ƙaru. In kujerar ba ta samu kafin Asabar ba, ni zan sa a ɗoro muku ita a jirgi. Gidajen ma'aikatan jirgi siminti ne, ba za a bar ka ka gina gadon ƙasa ba, saboda haka a yi mata na katako, daidai gwiwarta, mai faɗi, da katifar auduga mai tauri da bargo biyu. In sanyi ya zo a ɗumama ɗakin da kasko tun da sauran rana, a fitar da shi kafin ta kwanta. A yi mata ɗan benci na alwala, kada ku bar ta da kujera 'yar tsugunno, wannan ta masu gwiwa ce. In akwai matakala a ƙofar ɗakin, a kafa abin kamawa. Kada ku shimfiɗa ƙaramar darduma a hanyarta, ita ke harɗe ƙafa.

Kuma kada ka shirya mata ɗaki kafin ta iso don ka ba ta mamaki. Mamaki na yara ne. Ka bar ta ta shiga ɗakin babu komai, ta tsaya, ta duba, ta ce a sa wannan nan, a sa wancan can. Inda ta ajiye abu, a bar shi nan, ko da bai yi muku tsari ba. Idonta ya fara rauni, hannunta ne ke tuna mata inda komai yake.

Gadon ƙarfen kuwa, in ranka ya biya, ka saya ku hau kai da Rakiya, ku kuke da ƙafar tsalle. An ce kyan ɗa ya gaji ubansa, amma ban da wautarsa. Hankalina a kwance yake da kai, don ka fi ni sauraro tun kana ƙarami, kuma kana da mace mai lura. Ni sai da na rushe na gina na sake rushewa kafin in gane, kai ga shi ka samu a takarda ɗaya.

Jiya da yamma na yi abin da ban yi wa Inna ba. Na sami Delu tana tsince shinkafa, na zauna kusa da ita na ce, “Yaya Delu, wane irin gado kike so a Nguru?”

Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, “Yau kuma malamin awo ya koyi tambaya? Lallai duniya ta zo ƙarshe.” Sai ta ci gaba da tsintarta. Can ta ce, “Ni fa ba gado zan bi yaron nan in nema ba. Tun yana shekara biyu ni ke dama masa koko. So nake in tashi da ƙafata, in dama, in kai masa kafin ya fita aiki. Ranar da ya zama sai ya ɗaga ni, ka aiko a ɗauko ni, ba zan zauna ya ga wannan ba.”

Ta ce kada in gaya maka. Ban yi mata alkawari ba.

Saboda haka ka zaɓa mata abin da zai sa ranar nan ta yi nisa, Abba, ta yi nisa ƙwarai. Kuma ka bar ta ta dama maka kokon, ko da Rakiya ta fi ta sauri. In ya yi gudaji ka shanye, ka miƙa mata kwanon ka ce a ƙaro.

Allah ya kai ku Nguru lafiya, ya sa ku sauka a sa'a. Allah ya tsare ka a bakin aikinka, ya kiyaye ka daga sharrin ƙarfe da na mutum, ya ba ku zaman lafiya kai da Rakiya. Allah ya ƙara wa Gwaggonka ƙarfin gwiwa da nisan kwana, ya jiƙan Inna, ya yafe min abin da na yi mata cikin rashin sani. Kai kuma Allah ya ba ka masu tambayarka ranar da naka tsufan ya zo. Mahaifiyarka tana sa muku albarka.

Wassalam.

Ni ne,
Mahaifinka.